Tsakanin Sashe Na 221 Da Na 224

'Yan'uwa marubuta, kusan duk littafin da na karanta a cikin namu, in dai an shiga kotu, to shafi biyu ne an gama. Alƙali ya zauna, lauyan gwamnati ya miƙe ya zuba Turanci, mugu ya sunkuyar da kai, a buga guduma a ce rataya. Shi kuwa lauyan da yake kare wanda ake tuhuma, kullum mutumin banza muke mai da shi, mai cin kuɗin azzalumai yana juya gaskiya. Ni ma da haka na taso ina ji a zauren gidanmu, ana cewa aikin lauya ai ƙarya ce da kwat. To amma gani ya kori ji. Na yi shekara uku ina zirga-zirga tsakanin makarantar da nake koyarwa da harabar kotu saboda wani tsohon ɗalibina, shi ya sa na ga ya dace in ba ku abin da na gani, ko wani zai amfana in ya zo rubuta irin wannan babi.

Wanda ya san Sharaɗa da Challawa da Bompai ya san yadda asuba take a can. Bompai ita ce tsohuwa, sannan Sharaɗa mai kashi uku, sai Challawa inda warin majemu yake tarar mutum tun daga nesa. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar wutar lantarki da ta biyo baya, masana'antu da yawa suka rufe, waɗanda suka rage kuma suka koma ɗaukar masu aikin yini. Sai ka ga samari sun yi cincirindo a bakin get tun ba a yi sallama daga masallaci ba, kowa yana so idon mai ɗaukar aiki ya faɗa kansa. In mutum ɗari suka taru a ɗauki talatin, ai ba sai an gaya maka akwai hayaniya ba.

A irin wannan layi ne, a bakin wata majema, yaron nan ya gamu da ƙaddararsa. Na koyar da shi Hausa shekara uku, ba shi da ƙoƙari can, amma ban taɓa kama shi da faɗa ba. Wani magidanci ya ce ya shige masa gaba, cacar baki ta kaure, mutumin ya kwaɗa masa mari har sau biyu. Yaron ya duƙa ya ɗauki guntun ƙarfe da ke yashe a ƙasa, ya kai masa duka ɗaya a ka. Bayan kwana biyu a asibiti mutumin ya cika, ya bar mata da 'ya'ya huɗu.

Mahaifiyar yaron ce ta zo har gida ta same ni. Ta durƙusa daga bakin zaure ta ce, "Malam, kai ne mai boko, ka gaya mini gaskiya, rataye shi za su yi?" Na ce, "Iya, tashi ki zauna, sai mun ji ta bakin masana." Ba ta da kuɗin lauya, abin da take da shi keken ɗinki ne, kuma har ta sa shi a kasuwa. Wani abokin aikina ne ya nuna mana hanyar Hukumar Ba Da Agajin Shari'a, wadda gwamnatin tarayya ta kafa tun 1976 domin irin waɗannan marasa ƙarfi. A can aka haɗa mu da wata lauya, matashiya, jakarta cike da fayil ɗin mutane.

Abin da ta fara koya mini shi ne, a dokar Final Kod ta Arewa, wadda aka yi a 1959 ta fara aiki a 1960, kisa ba iri ɗaya ba ne. Sashe na 221 shi ne na kisan da hukuncinsa kisa ne, wato wanda mutum ya yi da niyya, ko ya san abin da ya aikata zai kai ga mutuwa. In an tabbatar da wannan, hannun alƙali a ɗaure yake, ba shi da ikon ragewa ko da tausayi ya cika masa ciki. Amma sashe na 222 ya kawo togaciya: wanda aka tunzura shi matuƙa kuma nan take har hankalinsa ya gushe, da wanda ya wuce gona da iri wajen kare kansa, da wanda ya yi kisa cikin faɗan da ya ɓarke ba shiri, ba tare da ya yi mugunta ko ya ci zalin abokin faɗan ba. Waɗannan sai su koma sashe na 224, inda hukunci yake daga ɗaurin rai da rai zuwa ƙasa. Ta ce mini, "Malam, duk aikina a shari'ar nan shi ne in ɗauko shi daga 221 in kai shi 224."

Na ce, "Barista, ai kare kansa ya yi, tunda shi aka fara mari." Ta yi murmushi ta ce kowa da wannan yake zuwa. Doka ta yarda mutum ya kare kansa, tun daga sashe na 59, kuma in hujjar ta tsaya sallamarsa ake yi gaba ɗaya. Sai dai ba a rama mari da ƙarfe, dole abin da ka yi ya zama daidai da haɗarin da ke gabanka. Daga baya na ga gaskiyar maganarta a shari'ar da ta girgiza Kano, ta Geng Quangrong, ɗan ƙasar Sin da ya kashe Ummita a Janbulo a watan Satumba na 2022. Shi ma cewa ya yi kare kansa ya yi, amma a watan Maris na 2024 Mai Shari'a Sanusi Ado Ma'aji na Babbar Kotun Jiha da ke Titin Miller a Bompai ya yi watsi da hujjar, ya yanke masa hukuncin rataya.

Wurin da abin ya fi taɓa ni a matsayina na malamin harshe shi ne takardar bayanin da aka ɗauka daga bakin yaron ranar da aka kama shi. Da Hausa ya yi magana, da Turanci aka rubuta, ya sa hannu bai karanta ba. Ya rantse mini abin da ya faɗa shi ne, "Na buge shi." A takarda kuwa abin da ya fito ma'anarsa ita ce, "Na kashe shi domin ya mare ni." Ku duba tazarar da ke tsakanin jimlolin nan biyu. Ta farko labari ce, ta biyu niyya ce da dalilinta, kuma tsakaninsu igiya take. Lauyar ta shafe zama biyu tana yi wa wanda ya rubuta tambayoyi: da wane harshe aka yi magana, ina asalin Hausar, wa ya fassara, an karanta masa kafin ya sa hannu? A ranar na daina ganin tambayoyin lauya a matsayin wasa da hankali.

Ga wasu abubuwa da ban taɓa gani a littattafanmu ba. Kotun majistare ba ta da hurumin shari'ar kisa, tsarewa kawai take yi har lauyoyin gwamnati su ba da shawara a tafi babbar kotu, shi ya sa kusan kashi biyu bisa uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Kuma a laifin da hukuncinsa kisa ne, ko mutum ya ce ya amsa, alƙali "bai amsa ba" zai rubuta, sai masu ƙara sun kawo shaidu. Ba a kuma yi masa shari'a ba lauya, in ba shi da shi kotu ce za ta nema masa. Tsarin mulkin 1999 a sashe na 36 ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. Wanda aka yanke wa kisa ma yana da ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, sannan sai gwamna ya sa hannu, abin da gwamnoni suke gudu. Na ƙarshe da aka ji an zartar a Jihar Edo ne a 2016.

Wani abu kuma da yanzu nake gaya wa 'yan ajina duk shekara, saboda ƙwacen waya da ya addabi unguwanninmu: a dokar fashi da makami ta 1984, fashi ko ba makami ɗaurinsa ba ya kasa shekara 21, in kuwa da makami ne kisa ne, har ga wanda ya raka mai wuƙar kawai bai riƙe komai ba. In na faɗa sai ajin ya yi tsit.

Ban manta da matar mamacin ba. Duk zama tana zuwa da goyo, ta zauna a bencin baya. Wata rana ƙanin mijinta ya tare ni a harabar kotu ya ce, "Malam, da girmanka kake bin bayan mai kisa?" Ban sami amsar da za ta sanyaya masa rai ba, sai na yi masa ta'aziyya. A dokar shari'ar Musulunci da Kano ta kafa a 2000, magada suna da zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da afuwa. A ƙarƙashin Final Kod kuwa, inda aka kai wannan ƙara, gwamnati ce mai ƙara, matar nan 'yar kallo ce. A ganina nan akwai giɓi babba, domin ko an rataye yaron ko an sake shi, ita da marayunta haka za su koma gida.

Ranar hukunci alƙali ya yi fiye da awa guda yana karatu. Ya ce masu ƙara sun tabbatar da dukan yaron ne ya yi sanadin mutuwar, bai yarda da hujjar kare kai ba, amma ya gamsu faɗa ne na nan take, duka ɗaya, ba tsohuwar gaba, ba makamin da aka zo da shi daga gida. Ya same shi da laifi a sashe na 224, ya ɗaure shi shekara bakwai daga ranar da aka kama shi. Mahaifiyar ba ta ji Turancin ba, ta riƙo bakin rigata tana cewa, "Malam, me ya ce?" Na ce, "Iya, ba za a rataye shi ba." Lauyar ta yi mana lissafi a tsaye, ta ce shekarar gidan yari wata takwas ce ga mai ladabi, saboda haka abin da ya rage masa bai kai shekara biyu ba. Tana gama faɗa ta duba agogo, ta ɗauki jakarta ta nufi kotu ta gaba, inda wani yake jiran ta.