Wasiƙa daga Ayislan: Maganar Filin Bayan Firamare

Yaya,

Ina fata kana lafiya, da su Hajiya da yara da duk mutanen gida. Mu ma nan Reykjavik lafiya lau, sai sanyi da duhun Disamba, da rana ba ta wuce awa huɗu da 'yan mintoci a sama.

Saƙonka ya iso, da maganganunka biyu: ta filin bayan firamare da kwamitin unguwa ke shawarar a yanka shi shaguna, da ta babban ɗanka da kake so in nema masa hanyar gwaji a wani kulob na Turai. Na ga gara in zauna in rubuto a tsanake, don a wurina maganar ɗaya ce.

Ka tuna wasan Najeriya da Ayislan a Rasha a 2018, ranar da Ahmed Musa ya ci biyu. Ƙasar da muka doke ran nan mutanenta wajen 350,000 ne kacal a lokacin. Ƙaramar hukumar Dala ma ta fi haka a ƙidayar 2006. Kocinsu na lokacin, Heimir Hallgrímsson, likitan haƙori ne. Golan da ya tare fenaretin Messi a wasansu da Ajantina mai shirya finafinai ne. Shekara biyu kafin nan sun fitar da Ingila da ci 2-1 a gasar ƙasashen Turai. Mutane na ta tambayar sirrinsu, alhali abin a fili yake, kowa na iya ganinsa da yamma idan aka tashi makaranta.

Kusan kowace unguwa tana da kulob ɗinta, kuma ba na wani attajiri ba ne, na mutanen unguwar ne. A rufi ɗaya za ka tarar da ƙwallon ƙafa, da ƙwallon hannu, da ta kwando, da guje-guje. Yawanci ƙaramar hukuma ce ke gina wurin, kulob ya riƙa gudanar da shi. Da yake ƙanƙara kan hana wasa a waje rabin shekara, a 2000 suka buɗe rufaffen fili na farko mai ciyawar roba a Keflavík, wasu suka biyo baya a Kópavogur da Reykjavik da Akureyri. Daga 2004 kuma hukumar ƙwallon ƙafarsu ta haɗa hannu da ƙananan hukumomi aka shimfiɗa ƙananan filaye fiye da ɗari a jikin makarantu. Ka lura, Yaya, babban filin wasan ƙasar ba ya ɗaukar ko mutum 10,000 a zaune. Kuɗinsu ba can suka zuba shi ba. Sun zuba shi inda yaro ɗan shekara bakwai zai isa da ƙafarsa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne koci. 'Yata ta fara ƙwallon hannu tana ƙarama, da ɗankwalinta, ba wanda ya ce mata uffan. Matar da ke horar da su ta yi karatun aikin, tana da takardar shaida, kuma ana biyanta. Haka yake a ƙwallon ƙafa: tun farkon shekarun 2000 suka shigo da kwasa-kwasan lasisin UEFA cikin ƙasar, kuma kulob ɗin da ke manyan rukunai dole ne masu koyar da yaransa su kasance sun yi kwas. Mu a gida ƙwararre na manya ne, yara kuwa duk wanda ya mallaki usur ya isa. Su sun ɗauka ƙaramin yaro ya fi kowa bukatar wanda ya san abin da yake yi, don a lokacin ne ake koyon riƙe jiki, da haƙurin shan kaye, da sauraren na gaba. Kuma ba a korar yaro don bai iya ba. Ana raba su gwargwadon ƙarfinsu, amma mai ƙiba da mai sanyin jiki da wanda ba zai taɓa zama ɗan wasa ba, duk koci ɗaya ne, fili ɗaya, lokaci ɗaya. Ana kiran sunansa, idan bai zo ba a tuntuɓi iyayensa.

Ba don cin kofi kaɗai suke wannan ba. A 1998 binciken da aka yi a makarantunsu ya nuna kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 16 sun bugu da giya a cikin watan da ya gabata. Zuwa 2016 adadin ya sauko kashi 5. Ba wa'azi kawai suka yi wa yaran ba, cike musu yammacinsu suka yi. Doka ta ce ɗan shekara 12 zuwa ƙasa ba ya yawo shi kaɗai bayan ƙarfe takwas na dare, ɗan 13 zuwa 16 bayan ƙarfe goma, a ƙara awa biyu lokacin bazara. Iyaye kan haɗu su zaga unguwa da dare a ƙarshen mako. Tun 2007 birnin Reykjavik ke ware wa kowane yaro daga shekara 6 zuwa 18 wani kuɗi a shekara, wanda ya kai kurona 75,000 a 2023, kuma ba a ba uba a hannu. Kuɗin wasa ko kiɗa ko wani koyo ake biya da shi kai tsaye. Duk lokacin da na tuna yadda kodin ya ci mana samari har gwamnati ta hana shi a 2018, sai in tambayi kaina ina yaranmu suke tsakanin la'asar da isha, kuma wa ke tare da su.

Na san abin da za ka ce: su 'yan kaɗan ne, masu kuɗi ne, ruwan zafi ma daga ƙarƙashin ƙasa yake fito musu. Gaskiya ne. Kuma akwai abubuwansu da ba na sha'awa. Maƙwabci kan yi shekaru bai san cikin gidanka ba, tsofaffi da yawa a gidan kula da tsofaffi suke ƙarasa rayuwa, kuma 'ya'yanmu baƙi ba sa shiga wasannin nan kamar 'yan ƙasa, saboda harshe da tsada da rashin sani. Sai dai abin da ya fi ci musu kuɗi, wato rufi da ɗumama wuri, mu Allah ya hutar da mu. Zaga unguwar da suke tsarawa da jadawali kuwa, mu da shi muka tashi, lokacin da ɗa na kowa ne. Iyaye a nan su ke tuƙa yara zuwa gasa, su kwana da su a ajin makaranta, yara su bi gida-gida suna tara kwalabe don haɗa kuɗin tafiya. Aikin gayya ne, ba wani abu ba. Ko maƙwabtanmu Nijar, da ba su fi mu arziki ba, tun 1975 suke gasar takobi ta kokawa, jiha-jiha, ana tace 'yan kokawa tun daga karkara. Abin da muka rasa biyu ne: fili da ba a taɓawa, da babba mai ilimin aikin wanda ake biya ya tsaya a kansa kullum.

Shi ya sa nake roƙonka, Yaya, ka tsaya kan filin nan. Kuɗin hayar shaguna zai shigo, ban musa ba, kuma makarantar na bukata. Amma fili in an zuba masa bulo ya tafi ke nan, kuma a cikin birnin Kano ba inda za a samo wani a kusa da gidajen yaran.

Maganar yaron kuwa, ka yi mini haƙuri, ba zan shiga ba a yanzu. Dokar FIFA ta hana ɗauko yaro daga wata ƙasa zuwa wata kafin ya cika 18, sai da wasu 'yan dalilai da ba su shafe shi ba. Ahmed Musa kansa sai da ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Najeriya a Kano Pillars, sannan ya jira ya cika 18 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan a 2010. Duk dillalin da ya ce a kawo kuɗi zai kai yaro gwaji, a guje shi. Ya ci gaba da karatunsa, ya yi wasa a gida a hannun wanda ya sani. In yana da rabo, za a gan shi.

Ga abin da zan iya. Kuɗin da nakan aiko na kofi da riguna lokacin gasar sallah, ina so a juya shi. Kwalejojin iliminmu na yaye malaman wasanni da lafiyar jiki, da yawansu ba su da aiki. A nemo ɗaya mai mutunci, wanda iyaye suka yarda da shi, ni zan ɗauki alawus ɗinsa na shekara guda. Sharaɗina shi ne ya riƙa zuwa sau uku a mako bayan la'asar, ya buɗe rajista da sunan kowane yaro, kada ya mayar da kowa gida don bai iya ba, kuma a tashi kafin magariba. A nemi mace ita ma, a ware wa 'yan mata rana a cikin harabar makaranta. In an samu, zan yi magana da 'yan uwa da ke nan mu haɗa nata. Ka kai maganar wurin mai unguwa da hedimasta kafin kwamiti ya sake zama, kuma a nemo takardar filin a ga iyakarsa a rubuce.

A gaida Hajiya da kyau, a ce mata ina neman addu'a. Iyalina na gaishe ku.

Wassalam,
Ƙaninka.