Waye Maigidansa? Darasin da Tafiyar Yayana Saudiyya Ta Koya Mini

  

Na daɗe ina son in ba da wannan labari amma kunya ta hana ni, domin asarar da ke cikinsa ni na jawo wa gidanmu ita. Sai makon jiya wani abokina mai walda ya tare ni a bakin masallaci bayan la'asar, yana tambayata ko na san ejan da zai fitar da shi waje. Da na ga yadda yake rawar jiki sai na tuna kaina, na ce to gara in faɗa kowa ya ji.

A Sabo ta Ibadan aka haife ni. Kakanmu ya zo daga ƙasar Kano yana fataucin goro, shi kuma Baba albasa da tattasai yake sayarwa a kasuwar Shasha. Duk wanda ke garin nan ya san abin da ya faru a Shasha a watan Fabrairun 2021. Rumfar Baba na cikin waɗanda suka ƙone, kuma daga ranar jarinsa bai sake komawa yadda yake ba. Yayana tela ne, shekararsa goma sha biyu a kan keke, ya iya kaftani da jallabiya da aikin wuya. Amma da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin man janareta ya riƙa cinye ribar ɗinkin, ga mata da 'ya'ya biyu a ɗaki ɗaya. A farkon 2024 ya ce shi fa zai tafi Saudiyya ya yi ɗinki. Baba ya yi shiru, daga baya ya ce Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Da yake ni ne na gama sakandare, kuma ni ne mai latsa waya a gidan, sai aka bar mini neman hanya. Ban sha wuya ba na samu wani Alhaji a Facebook mai ofis a Legas. Hotunansa duk a Harami da filin jirgi, ga bidiyon mutane riƙe da fasfo suna yi masa godiya. Na kira shi, ya ce, "Ƙanena, ai telan Najeriya a Jidda kamar zinare ne. Riyal 3,000 a wata, ban da na gefe. Sati shida ya tashi." Ya ce a turo kafin alƙalami da fasfo, kuma a hanzarta domin gurbi biyu ne suka rage.

Da dare na kai wa Baba labari ina ta zumuɗi. Ya gama saurarena, sai ya yi tambaya guda: "Waye maigidansa?"

Na ce, "Baba, ai wannan kamfani ne da kansa, ba shi da maigida. Ku duba hotunan nan."

Bai ko kalli wayar ba. Ya ce a zamanin mahaifinsa, bafatake zai koro shanu daga arewa ya sauka a gidan maigida a nan Sabo. Dillalin maigidan ne zai sayar wa mahauta bashi, in mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya daga aljihunsa, domin in bai biya ba babu baƙon da zai ƙara sauka a gidansa. Ya ce, "Ba a ba dillali kaya sai an san wanda za a kama in ya gudu. Wannan naka, in ya kashe waya, ƙofar wa za mu ƙwanƙwasa?"

Wallahi a raina na ce tsoho bai san zamani ya canza ba. Na yi ta naci, na haɗa da Inna, har ya gaji ya ba da kuɗin da ya tara zai saro albasa. Naira 850,000 na tura, kuma cikin asusun mutum ɗaya mai sunan kansa, ba na kamfani ba, babu ko rasit. Fasfon Yaya kuma na ba direba ya kai Legas.

Sati shida ya zama wata uku. Yau a ce ofishin jakadanci ne ya tsaya, gobe a ce kafili ya yi tafiya. Daga nan sai Alhajin ya canza magana, ya ce bizar aiki ta yi wuya, amma zai yi wa Yaya bizar Umara, in ya sauka sai ya ɓace cikin gari, akwai yaransa da za su karɓe shi. In kuma ba mu so, mu ƙara kuɗi a yi masa abin da ya kira firi biza. A nan ne jikina ya yi sanyi, na tafi wurin wani kawunmu da ya yi shekara tara a Makka kafin a kamo shi a dawo da shi, na zayyana masa komai. Shi ya buɗe mini ido, kuma abin da ya faɗa, da wanda na bincika daga baya, shi nake so 'yan uwa su riƙe.

Hanya ta farko, wato shiga da bizar Umara a ƙi dawowa, ita ce wadda mutanenmu suka fi sani. Bizar Umara ta ibada ce, ba ta halatta aiki ba. Ranar da wa'adinta ya cika ka zama mai laifi: ba ka da igama, wato katin izinin zama, ba ka buɗe asusun banki, ba ka kama haya da sunanka, in wanda ka yi wa aiki ya hana ka kuɗinka ba ka da inda za ka kai ƙara. A 2025 hukumomin ƙasar sun sake shelanta cewa wanda ya wuce wa'adin bizarsa zai iya fuskantar tara har riyal 50,000 da ɗaurin da zai kai wata shida, sannan a kore shi. Kawu ya ce shi a sansanin Shumaisi, tsakanin Makka da Jidda, aka tsare shi, da kayan jikinsa kawai ya sauka Kano, keken ɗinkinsa da kuɗin da yake bin mutane duk suna can. Kuma yanzu da ake ɗaukar hoton yatsu, dabarar da ta canza suna a sake fasfo ta mutu.

Hanya ta biyu, firi biza, sunanta kawai ke da daɗi. A dokar Saudiyya babu wata biza mai wannan suna. Abin da ake yi shi ne, wani ɗan ƙasa ya samo izinin kawo ma'aikaci, ya sayar da shi, kai kuma ka je ka nemi aikinka kana biyansa wani abu duk wata ko duk shekara. Sau da yawa abin da ke rubuce a bizar direban gida ne ko lebura. To yin aiki ga wanda ba kafilinka ba laifi ne, yin sana'ar da ba ita ce a igamarka ba shi ma laifi ne. Ranar da kuka saɓa, sai ya kai rahoto cewa ka gudu, abin da ake kira hurub, shi ke nan ka koma daidai da wanda ya ɓace da bizar Umara, bayan ka biya kuɗi masu yawa. Wani abin kuma, gyaran dokar ƙwadago da ya fara aiki a watan Maris na 2021, wanda ya ba ma'aikaci damar sauya wurin aiki bayan shekara guda ba sai da yardar maigidansa ba, bai haɗa da ma'aikatan gida irin su direban gida ba. Ka ga kalma ɗaya a kan biza tana iya ɗaure mutum shekaru.

Hanya ta uku ita ce ta gaskiya: shagon ɗinki ko kamfani mai rajista ya nemi tela, ya aiko da kwantiragi, a yi gwajin lafiya, a buga bizar aiki da sunan sana'ar. Ita ce ta fi jinkiri, kuma ita ce ejan ɗin banza ba ya son ka sani, saboda a dokar ƙwadagon Saudiyya kuɗin ɗauko ma'aikaci da na igama da na izinin aiki da tikitin komawa gida bayan kwantiragi, duk a wuyan mai ɗaukar aikin suke. Haka nan doka ba ta yarda ya riƙe fasfonka ba.

Na koma gida na durƙusa gaban Baba na ce, "Baba, ku yafe mini, na jefa kuɗinku a rijiya." Bai yi faɗa ba, wanda hakan ya fi mini ciwo. Ya ce in kira mutumin in ce mun fasa. Daga ranar waya ta daina shiga. Na hau mota zuwa Legas, na tarar ofishin da ke cikin hoto shagon sayar da tikiti ne na wasu daban, sun ce yakan zo ya zauna ne kawai. Dattawan unguwarmu sun so su sa baki, amma ba wanda ya san gidansa ko danginsa, to wa za su kira? Fasfon dai ya dawo bayan wata huɗu ta hannun wani direba, wataƙila don mun ce za mu kai ƙara hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane. Kuɗin kuwa har yau shiru. Wannan shekarar Baba bai saro albasa ba, dillanci ya yi wa wasu a kasuwar da ya yi shekara talatin yana da rumfa.

Karo na biyu Baba ne ya ja ragama, ni kuma na zama ɗan aike. Ta hannun wani abokin kasuwancinsa aka samu labarin wani shago a Jidda da ke neman tela, akwai ɗan garinmu da ke aiki a ciki. Baba ya sa aka kira shi ta bidiyo, ya nuna mana shagon da ɗakin kwana, ya faɗi albashinsa da bakinsa. Mahaifinsa kuma Baba ya san shi, ya san ƙofar gidansa. Sannan ya aike ni ofishin ejan ɗin da shagon ke hulɗa da shi a Kano, da tambayoyin da na rubuta a takarda. Ina lasisinku na ɗaukar ma'aikata daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya? Domin lasisin hukumar alhazai, NAHCON, na jigilar Hajji da Umara ne, ba na kai mutum aiki ba, kuma mutanenmu da yawa ba su bambance su. Mene ne lambar rajistarku ta CAC? Na duba ta a waya nan take, sunan ya fito daidai da na asusun bankin. Wa kuka kai bara da za mu iya magana da shi? Suka ba ni mutum biyu, ba su ɓata rai ba.

Da kwantiragi ya zo, Baba ya hana Yaya sa hannu sai da muka kai wa malaminmu na Islamiyya ya karanta ɓangaren Larabci layi-layi, domin in an samu saɓani, na Larabcin ake bi. Malam ya sa yatsa a kan kalmar sana'a ya ce, "Ga ta nan, tela ce." Albashi riyal 1,500, rabin abin da Alhajin Legas ya yi alkawari, da wurin kwana, shekara biyu. Yaya ya ɗan yi jim. Baba ya ce masa, "Kai, gara ɗaya a hannu da goma a bakin maƙaryaci."

Wata goma sha ɗaya aka yi kafin ya tashi a 2025. Ba zan ce yana cikin daula ba. Aiki yake har tsakar dare in azumi ya gabato, yana kewar 'ya'yansa, kuma abin da yake aikowa bai riga ya cike ramin da na haƙa ba. Amma fasfonsa na hannunsa, igamarsa na aljihunsa, in ya ga motar 'yan sanda ba ya neman lungu.

Abokina mai walda, da duk wanda ke shirin fita, tela ne ko makanike ko birkila, abin da zan ce ke nan: kada ka fara da tambayar nawa ne, ko sati nawa. Fara da tambayar wace irin biza ce, me aka rubuta a wurin sana'a, sannan wa zai tsaya wa wannan ejan in abu ya ɓaci. Wanda ya ce maka gurbi biyu suka rage, bar masa gurbinsa. Ni da takardar sakandarena da wayata na raina tambayar tsohon da bai taɓa shiga aji ba, kuma naira 850,000 na biya kafin in gane ta.

Allah Ya tsare mana matafiyanmu, Ya sa albarka a nema, Ya mayar wa Baba da alheri.