Ina Ƙiru, ina jirgin ruwa?

1/ Kakana manomin gyaɗa ne a Ƙiru. Har ya rasu bai taɓa ganin teku ba, amma kullum labarinsa ɗaya: zamanin yaƙin Hitila gishiri ya yi wuya, wai jirage ke nutsewa.

2/ Mu jikoki dariya muke masa.

3/ Jiya na ci karo da labarin Zarian, jirgin dakon kaya na UAC, kamfanin da ke sayen gyaɗar Kano a wancan zamani. A Disamba 1942 jiragen Jamus na ƙarƙashin ruwa suka nutsar da shi a tekun Atlantika.

4/ Wallahi jikina ya yi sanyi. Ashe tsohon ba tatsuniya yake mana ba. Ni kuwa ko sau ɗaya ban zauna na ji ƙarshen labarin ba. Allah ya jiƙan Malam.