Kwanan Daji a Bakin Matsirga

Ɗan Arewa ya san ruwa ta fuska uku: na rijiya, na tabki, da na sama. Ruwan da ke faɗowa daga kan dutse dare da rana kuwa, sai a littafin karatun Faransanci yake gamuwa da shi. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban allo a Dogon Dutsi ko Tibiri yana neman fassara wa ɗalibai wannan abu ya san wahalar. Hausa tana da kalmar, ita ce matsirga, amma yaron da bai taɓa jin rugugin ruwan ba haddace ta kawai yake yi.

Abin mamaki shi ne ƙasar Arewa kanta a cikin kwarin kogi take zaune. Dallol Mawri tsohon kogi ne da ya ƙafe tun dubban shekaru, ya bar faffaɗan kwari da ya gangara har kogin Isa ta wajen Gaya. Ruwansa ya koma ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa rijiyar kwari ba ta kai ta tudu zurfi, kuma a 2004 aka sanya shi cikin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

Mai son ya ji kukan ruwa a da sai ya nufi gandun dajin W, wanda ya samo sunansa daga lanƙwasar kogin Isa. An mai da shi gandun ƙasa a 1954, kuma a 1996 hukumar UNESCO ta sanya ɓangaren Nijar, mai faɗin hekta 220,000, cikin kayan gadon duniya. Daga Yamai zuwa ƙofar Tapowa tafiyar kimanin kilomita 150 ce. Can ciki, a kan kogin Mekuru, inda ya raba Benin da Burkina Faso, matsirgar Kudu take, kuma a da akwai ɗan zangon baƙi a gefenta.

Kwana a irin wannan wuri makaranta ce sukutum. Babu lantarki sai fitila da wutar itace. Tabarma, gidan sauro da butar shayi su ne dukiyar matafiyi. Jami'in gandun daji ne ke faɗin inda za a kafa tanti, ya hana kusantar gurbin ruwa da almuru saboda kada, ya hana barin abinci a fili saboda birai. Idan dare ya raba, hira ta mutu, sai kunne ya fara rarrabe abin da rana ta ɓoye: kwaɗi, mujiya, kukan kura daga nesa, da ruwa a ƙarƙashinsu duka, ba ya tsayawa. Da asuba ɗalibi ya ga sawun giwa ko na ɓauna a cikin laka, kalmomin da ya saba ji a tatsuniyar kakarsa su tashi tsaye a gabansa. Gaskiyar Bahaushe da ya ce gani ya kori ji.

Wannan ƙofa ta rufu. A watan Mayun 2019 aka sace Faransawa biyu masu yawon buɗe ido a gandun Panjari, aka kashe ɗan jagoransu. A watan Agustan 2020 aka kashe mutum takwas a dajin raƙuman dawa na Kure. A watan Afrilun 2025 aka kai hari kan sansanonin sojojin Benin a cikin W, har da na bakin matsirgar Kudu, gwamnatin ƙasar ta ce sojoji 54 suka rasu. Babu shugaban makarantar da zai sa hannu a tura yara can, babu kuma uban da zai yarda.

Hasarar ta wuce ta yawon buɗe ido. Yaron da bai kwana a daji ba da wuya ya yi kishin daji, kuma sunayen itatuwa da tsuntsaye suna zubewa daga bakin matasa shekara bayan shekara.

Sai dai Arewa ba ta rasa abin nunawa ba. Da damina, bayan ruwa mai ƙarfi, tsaunukan da ke kewaye da Dogon Dutsi kan zubo da jan ruwa ta ƙoramu, matsirga ta sa'a ɗaya ko biyu. Akwai gawo da ke kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani, akwai fadamun Kore Mairuwa, akwai Lugu inda Sarauniya Mangu ta tari rundunar Vule da Shanuwan a 1899. Ƙungiyar al'adu da malamai biyu ko uku za su iya shirya kwana guda a bayan gari, inda hukuma da mai gari suka tabbatar da lafiyar wurin, a gayyato tsohon maharbi ko makiyayi, kowane ɗalibi ya dawo da sunan itace goma da bai sani ba, a Hausa da Faransanci. Ranar da hanyar Tapowa ta sake buɗewa, yaran da suka koyi sauraron dare a gida su ne za su fahimci abin da Mekuru ke faɗi.