Ranar da mai gadi ya kulle masu gida a waje

Ranar Juma'a 19 ga watan Yuli na 2024, da ƙarfe 5:09 na asuba a agogonmu na Nijar, wani kamfanin Amurka da ake kira CrowdStrike ya aika ɗan ƙaramin gyara zuwa ga manhajarsa da ke zaune cikin kwamfutocin masu hulɗa da shi. Minti 78 kacal gyaran ya yi yana yawo kafin su farga su janye shi. A cikin wannan ɗan lokacin, bisa ƙiyasin Microsoft, kwamfuta miliyan 8.5 masu aiki da Windows suka kwanta: fuskarsu ta koma shuɗiya, su mutu, su tashi, su sake mutuwa. Jirage suka tsaya a filaye, tashar Sky News ta Ingila ta ɗauke na ɗan lokaci, likitoci a can suka kasa buɗe bayanan majinyata. Kamfanin jiragen Delta shi kaɗai ya soke tashi wajen 7,000 cikin kwana biyar. Kuma babu ɓarawon da ya shiga. Manhajar da aka saya da tsada don ta yi gadi ita ta yi wannan ɗanyen aiki.

Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, malamin lakol da zancen jiragen Amurka. Abin da ya haɗa mu shi ne makullin ɗakin kwamfutocin makarantarmu yana hannuna. Guda takwas ne, wata ƙungiya ta kawo su shekarun baya. Duk sanda zan sabunta manhajar da ke tsare su daga ƙwayar cuta, sai na sauko da ita a waje mai rezo, in sa a kile, in bi su ɗaya bayan ɗaya. In kuran bai ɗauke ba, yinin Asabar guda ya ishe ni. In ya ɗauke, sai wata Asabar. Saboda haka da na ji akwai masu kula da kwamfuta dubu ba tare da sun taɓa ko ɗaya da hannu ba, sai na so in san yadda suke yi.

Wani tsohon ɗalibina da ke irin wannan aiki a Yamai ne ya warware mini. Abin da suke kira gajimare, sunan ne kawai mai ruɗi. Manyan gine-gine ne cike da kwamfutoci, na kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google, ana ba da hayarsu da awa. Banki ko kamfanin waya da ke son ya tace lissafin miliyoyin mutane cikin dare ɗaya zai iya hayar inji 200 da tsakar dare, su gama aikin, a sallame su kafin kiran assalatu. Gobe a ɗauki wasu sabbi fil. A cikin kowane inji ana son a sami ɗan leƙen asiri, wata ƴar manhaja da ke kai rahoto: wurin ajiya ya kusa cika, wannan aikin yana jan ƙafa, wani ya shigo a lokacin da bai saba shigowa ba. Rahotannin suna taruwa a allo guda, kamar yadda darakta ke duba littafin kiran suna na ajujuwa duka. In abu ya wuce gona da iri, wayar mai aikin dare ta yi ƙara.

Na tambaye shi wa ke sa wannan manhajar a inji 200 da ba za su kai safiya ba. Ya yi dariya ya ce, "Mushe, ai ba mutum ba ne." Umarni ake rubutawa sau ɗaya a ajiye. Duk injin da aka tayar, kafin ya fara komai sai ya karanta umarnin: je wuri kaza, ɗauko manhajar sa ido, girka ta, ga makullinta, ga inda za ta riƙa kai rahoto. Akwai kayan aiki na musamman don haka, ya ambaci Ansible wajen girkawa, da Prometheus da Grafana wajen tara rahoto da nuna shi. Sunayen ba su dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai layi ɗaya ne cikin umarnin. Mai rubutawa yana iya cewa "ɗauko mai lamba kaza", wato wadda ya riga ya gwada ya yarda da ita. Yana kuma iya cewa "ɗauko sabuwar da ta fito". Na biyun ya fi sauƙi, don ba sai ka sake waiwayar umarnin ba har abada. Amma ma'anarsa ita ce duk abin da wani baƙo ya saki da daddare a wata ƙasa, injinanka za su haɗiye shi kafin ka farka.

Kuma manhajar sa ido ba kamar sauran ba ce. In manhajar rubutu ta lalace, sai ka rufe ta ka buɗe wata. Mai gadi kuwa, don ya ga komai, dole a ba shi makullin kowane ɗaki. Manhajar CrowdStrike, wadda suke kira Falcon, tana zaune ne a can cikin zuciyar Windows, inda in ƙafa ta zame gidan duka ke rushewa. Bayanin da kamfanin ya fitar daga baya ya ba ni dariya da takaici a lokaci guda. An tsara wani sashe ya karɓi bayanai 21, amma 20 ake miƙa masa. Gyaran ranar ya ce a duba na 21. Ku ɗauka aji mai yara 20, a aiko maka da takarda a ce ka kira yaro na 21 ya zo allo. Kai malami za ka ɗaga kai ka ce babu shi. Inji bai san haka ba, sai ya miƙa hannu inda babu kowa, ya faɗi.

Abin da ya fi ciwo shi ne gyaran ɓarnar. Cutar ta tafi da kanta cikin mintoci, amma maganin bai iya bin hanyar ba, tunda kwamfutar da ta kasa tashi ba ta iya karɓar saƙo. Da yawa sai da ma'aikaci ya je gabansu, ya tayar da su ta wata hanya ta musamman, ya goge fayil ɗaya da hannu. Manyan kamfanonin duniya suka koma irin aikina na ranar Asabar, sai dai nasu dubbai ne.

Da na ba wani abokin aikina wannan labarin, nan take ya ce shi dama ya daɗe da kashe sabuntawa a wayarsa, ga cin forfe, ga jan tsiya. Na fahimce shi, don kuɗin intanet ba wasa ba ne a albashin malami. Amma wannan ma ba mafita ba ce. A watan Mayun 2017 wata ƙwayar cuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, tana neman kuɗin fansa. Asibitocin gwamnatin Ingila sun soke ganin likita wajen 19,000. Microsoft kuwa ya riga ya fitar da abin toshe wannan ƙofar tun watan Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda ta kama, galibi waɗanda ba su sa shi ba ne. Ga kuma ta uku, wadda ta fi ba ni tsoro: a watan Disamban 2020 aka gano cewa wasu sun kutsa cikin kamfanin SolarWinds, suka cusa mugun abu a cikin sabuntawar Orion, ita ma manhajar sa ido ce. Masu hulɗa da kamfanin kusan 18,000 suka sauko da ita da hannunsu, har da ma'aikatar kuɗi ta Amurka, suna ganin rigakafi suke yi.

To in ka karɓa da wuri ka shiga uku, in ka ƙi ka shiga uku, ina mafita? A ganina mu malamai mun san amsar tun kafin a haifi waɗannan kamfanonin. Lokacin da Nijar ta so ta gwada koyarwa da harsunan gida, ba a wayi gari an juya makarantun ƙasa duka ba. A 1973 aka fara da makarantar gwaji a Damagaram, da Hausa, aka zuba ido, sannan aka ƙara wasu. Ana iya yin gardama a kan jinkirin da ya biyo baya, ni ma ina cikin masu ƙorafi, amma dabarar farawa da kaɗan ba ta da laifi. Ko uwargida ba ta zuba miya a kwanon mutum goma sai ta ɗanɗana. Masu kula da injina da suka san aikinsu haka suke yi: sabuwar manhaja ta fara shiga inji biyu ko uku da ba a dogara da su, a jira, a duba allo, sannan kashi ɗaya cikin goma, sannan saura. Tsohuwar kuma a ajiye ta kusa, yadda in abu ya ɓaci umarni ɗaya zai mai da kowa inda yake jiya. Bayan abin ya faru, CrowdStrike da kansa ya yi alkawarin zai riƙa sakin irin wannan gyara mataki-mataki, kuma zai bar masu hulɗa da shi su zaɓi lokacin da za su karɓa. Abin da ya ba ni haushi shi ne akwai kamfanonin da suka riga suka zaɓi zama a baya da lamba ɗaya don tsaro, amma wannan gyaran ya bi ta wata ƙofa da zaɓin nasu bai rufe ba. Sun yi hattara, hattarar ba ta amfane su ba, don ba a gaya musu ƙofa biyu ce ba.

Iyaye, ku ma kuna da naku masu gadin. Yanzu an fara sa wa yara manhajar da ke nuna inda suke da abin da suke kallo a waya. Ban ce kada a sa ba. Amma irin wannan manhajar tana ganin saƙonnin yaro, da hotunansa, da hanyar da yake bi zuwa lakol kullum. In daga Play Store ta fito, kamar Family Link ta Google, aƙalla an san mai ita, kuma gyara yana isowa. In kuwa mai gyaran waya a bakin kasuwa ne ya tura maka ita ta Xender, to ɗayan biyu ne: ko dai ba za ta taɓa sabuntuwa ba, ko kuma tana sabunta kanta daga inda ba ka sani ba. Haka zancen yake ga GB WhatsApp da yaranmu suke rububi. Game da forfe kuwa, a cikin Play Store akwai wurin da za ka ce a yi sabuntawa ta Wi-Fi kawai, ko ka bar ta a hannunka ka riƙa yi da kanka ranar da ka sayi mai yawa. Wannan ya fi kashewa gaba ɗaya ka manta.

A ɗakinmu na yi ɗan tsarina daidai ƙarfina. Kwamfutar da ke bakin ƙofa, wadda ba a ajiye sakamakon jarrabawa a cikinta, ita ke fara karɓar duk wani sabon abu. Sai ta yi mako tana aiki lafiya nake bin sauran. Sakamakon yara kuma yana kile biyu da kuma takarda, a cikin kabad ɗin darakta.

Sai dai akwai abin da ya fi ƙarfin wannan tsarin. Biyar daga cikin takwas ɗin Windows 7 suke da shi, wanda Microsoft ya daina aiko wa gyara tun 14 ga Janairun 2020. Sauran ukun Windows 10 ne, shi ma an sa masa wa'adin 14 ga Oktoban 2025. Na ɗauko takardar da aka sa wa hannu ranar da aka kawo su, na karanta ta daga farko har ƙarshe. An lissafa allo takwas, madannai takwas, har da wayoyin kuran da tsawonsu. Babu layi ko ɗaya da ya faɗi wanda zai riƙa sabunta su, ko da kuɗin wa. Na sa maganar cikin abubuwan da za a tattauna a taron kwamitin iyaye da malamai na wata mai zuwa, a ƙasan zancen rufin aji na uku da ke yoyo.