Kan Caja Uku a Wata Biyar

Akwai wani magidanci a Na'ibawa, ma'ajin kaya ne a wata masana'antar fata a Challawa, wanda ya sayi kan caja uku cikin wata biyar. Na farko a hannun wani yaro mai baro ya saye shi, a bakin titin Zariya daura da 'Yan Lemo, ranar da ya manta nasa a wurin aiki. Fari ne sol, an rubuta masa wat 20 a jiki, kuɗinsa bai kai na kwanon abinci biyu ba. Da ya tambaya ko yana da kyau, yaron ya ce, "Yallaɓai, ɗaga ka ji nauyinsa." Ya ɗaga, ya ji, ya biya.

Daren nan aka kawo wuta wajen ƙarfe goma sha ɗaya, aka ɗauke kafin asuba. Da safe wayar ba ta kai rabi ba.

Lissafin ba shi da wuya. Batirin mAh 5,000, irin wanda ke cikin yawancin wayoyin Tecno da Infinix na yanzu, yana ɗaukar abin da ya kai wat 19 na awa guda. Kan cajar da ke ba da wat 10 na gaskiya zai cika shi cikin awa biyu da 'yan kai. Wanda ke ba da rabin amfiya a kan bolt 5, wato wat biyu da rabi, sai ya kwashe kusan awa takwas. A garin da wuta ke zama, wannan jinkiri ne kawai. A unguwar da ba a san lokacin zuwanta ba, bambancin shi ne ko mutum ya fita da waya a raye, ko ya biya ta shagon caji ya bar ta a hannun mai janareto. Shi kuwa wayar nan ita ce bankinsa tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, kuma ta ita direbobin da ke kawo fata daga ƙauyuka suke samunsa.

Nauyin da ya ji ma ba shaida ba ne. Da cajar ta mutu a mako na uku, wani mai gyaran waya ya fasa masa ita, sai ga guntun ƙarfe an manne a ciki, ba ya haɗe da komai. Masu jabu sun san cewa mai saye da hannu yake auna inganci, don haka suka sayar masa da nauyi.

Na biyun ya fi ban tsoro. Yana caji da sauri, amma da zarar an jona shi sai fuskar wayar ta haukace, ta riƙa buɗe abin da ba a taɓa ba. Aikin kan caja shi ne ya karɓi wutar gida mai bolt 230, ya sauke ta zuwa bolt 5, ya tace ta, sannan ya raba ɓangaren babbar wuta da ɓangaren da ke isa hannun mutum. Tacewar ce ta gaza, shi ya sa fuskar ke rawa. Rabuwar kuwa tazara ce ta 'yan milimita a kan allo da rufin wayoyin ƙaramar taransifoma, kuma nan ne mai neman araha yake fara tsimi, domin ba mai gani. Ranar da 'yarsa ta ce wayar ta ɗan ja ta tana kwance tana kallo, ya cire shi ya jefa a kwata. (Ƙafa biyu gare shi, soket ɗin gidan kuwa mai rami uku ne irin na Ingila, don haka da murfin biro ake danna ramin sama kafin ya shiga. Kusan kowane gida a Kano ya iya wannan dabara, kuma bai kamata a iya ba.)

Kowace safiya yana wuce shingayen masana'antun da suka yi shiru. Bompai da Sharada da Challawa sun taɓa fitar da yadi da takalma da alewa da kwanon sha, kafin tsadar canji bayan tsarin SAP na 1986, da rashin wuta, da kayan waje su durƙusar da da yawa daga cikinsu. Cajar da ke aljihunsa daga Sin take, ta bi ta Legas ta iso Farm Centre ko titin Beirut, ta ƙare a baro. Hukumar SON ce ke da alhakin tantance irin waɗannan kaya kafin su shigo, amma mai baro bai san sunan wanda ya shigo da su ba, balle mai saye. Kasuwar kuma ƙara faɗi take yi: Apple ya daina sa kan caja a kwalin waya a 2020, Samsung ya bi sahu a manyan wayoyinsa a 2021.

Karo na uku ya hau adaidaita-sahu ya tafi Farm Centre, wurin wani dattijon ɗan kasuwa da abokin aikinsa ya kwatanta masa. Dattijon bai yi masa rantsuwa ba. Ya ɗauko wata 'yar na'ura mai kamar filashi, ya sa ta tsakanin kan cajar da igiyar, lambobi suka bayyana: bolt 5, amfiya kusan 2. Sannan ya canza igiyar da wadda magidancin ya zo da ita daga gida, sai amfiyar ta faɗi ƙasa da ɗaya.

"Malam, igiyar nan taka ma tana cin rabin wutar," in ji shi. "Zaren cikinta siriri ne."

Ya sayi duka biyun a kan kuɗin da ya haura na cajojin farko a haɗe, ya nemi a rubuta masa rasit da lambar shago, aka rubuta. A kan hanyar komawa ya tuna kwamfutar hannu ta yaransa, wadda ya yi wata biyu yana zargin batirinta ya mutu. Da aka kawo wuta, ita ya fara jonawa.