Rediyon Safe a Wad Haddad

Wanda ya taso daga Wad Madani ya nufi Sinnar, bayan ya wuce Barakat da Haj Abdallah, garin da zai tarar a gabansa shi ne Wad Haddad. Kogin Nil Azrak yana gabas da hanya, a yamma kuwa gonakin Mashru'in Jazira ne shimfiɗe iya ganin ido, tura'o'i sun ratsa su kamar an ja layi da igiya. Babu dutse, babu tudu, shi ya sa muryar rediyo ke tafiya nesa a wannan ƙasa. A ƙauyukan da ke kewaye akwai 'yan'uwanmu Hausawa, jikokin mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka, da waɗanda suka zo aikin auduga bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925. Gaba da Sinnar kaɗan kuma ga Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Mun je can ne don gaishe-gaishen dangi, amma abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yadda ake sauraron rediyo da safe. Bayan an fito masallaci ba a watsewa. Sai a zauna wurin mai shayi, a ajiye rediyo a tsakiyar tabarma, mai ita ya yi ta murɗa ta har murya ta fito sarai. Ana farawa da Larabci, domin labarin da ya shafi tukunya da Larabci yake zuwa. Gidan rediyon jiha da ke Madani shi ke faɗin abin da hukumar Mashru'i ta yanke a hedkwatarta ta Barakat, da abin da wali ya ce, da yadda farashin dawa da gyaɗa yake a kasuwa. Idan aka kawo wani jami'in ban ruwa ya ce ruwa ya isa ko'ina, to a nan ne shirin na gaskiya yake farawa, don kuwa kowane mai sauraro ya san tura'ar da ciyawa da laka suka toshe, ya san abu ishirin ɗin da ya bushe. Wani dattijo zai amsa wa rediyon kamar tana jin sa, wani ya ce a yi shiru tukuna a ji ƙarshe. Sau da yawa gardamar tabarma ta fi ta cikin akwatin daɗi.

Kada mai karatu ya ɗauka surutu ne kawai. Mashru'in nan ya haura fadan miliyan 2, kuma tun da dokar 2005 ta ba manomi damar zaɓen abin da zai shuka, kalma ɗaya daga bakin hukuma tana iya sa mutum ya zuba alkama ko ya fasa. A 2022 gwamnati ta sa wa buhun alkama farashin fam 43,000, manoma suka ci bashin iri da taki bisa wannan alkawari, da girbi ya zo aka ce babu kuɗin saye. Alkama ta zauna a ɗakunan mutane. Wanda ya ga wannan ba zai ƙara jin sanarwar farashi da kunne ɗaya ba.

Sai dai akwai abin da muka lura da shi. Idan ana maganar Jazira a rediyo, mai hawasha ake nufi. Mai riƙe da takardar gona shi ake kira manomi, shi ake tambaya, shi ke bugo waya. Amma wanda ke nomawa a raba amfani, da matar da ke tsinkar auduga, da mutanen kambo da suka shekara hamsin a gefen tura'a ba tare da takardar fili ba, ba kasafai ake jin muryarsu ba. Cikinsu akwai mutanen Darfur, akwai na yamma, akwai namu da yawa. Suna sauraron farashin abin da hannunsu ya noma, amma da sunan wani ake faɗin sa.

Idan rana ta ɗan ɗaga, sai a juya zuwa gajeren zango. Agogon Sudan yana gaba da na Nijeriya da awa ɗaya, saboda haka shirin da Bakano ke ji kafin ya fita, mu yana riskar mu ne an riga an sha shayi. Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, shi ne abokin tsofaffi, sai kuma na Jamus. Abin dariya da ban tausayi shi ne, za ka sami tsohon da bai taɓa taka Kano ba yana lissafa maka gwamnoninta ɗaya bayan ɗaya. Harshensa yana zuwa masa daga Landan, labarin gonarsa yana zuwa daga Madani, su biyun ba sa haɗuwa a tasha ɗaya. A Kasala da Damazin an taɓa ware wa harsunan jama'a lokaci a shirin da ake kira Rediyo Mujtama, har da Hausa a ciki, kuma duk wanda ya ji an yi bayanin rigakafin yara da harshen uwarsa ya san bambancin.

Ranar da sunanmu ya cika kafafen labarai kuwa, ba ranar alheri ba ce. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Nil Azrak bayan Hausawa sun nemi a ba su masarauta a tsarin sarautun gargajiya, aka kashe fiye da mutum 100, a watan Oktoba kuma aka sake zubar da jini a Wad Mahi. Maganganun ƙiyayya sun riga kowace tasha gudu a Facebook. A lokacin ne wasu 'yan ƙasa suka fara tambaya ko mu su wane ne, alhali kakanninmu suna cikin waɗanda suka yi gumi a waɗannan gonaki tun zamanin Ingilishi.

Daga baya yaƙi ya zo ya haɗa kowa. A Afrilun 2023 dakarun Da'am Sari suka kama gidan rediyon Umdurman, wanda ke magana tun 1940, sojoji ba su karɓe shi ba sai Maris na 2024. Madani ta faɗi a Disambar 2023, gwamnatin jiha ta koma Manakil, hanyar nan ta Sinnar ta zama fagen daga. A Fabrairun 2024 aka yanke waya da intanet, sai ga samarin da suka raina rediyon kaka suna neman batir ruwa a jallo. Da Rediyo Dabanga, da shirin gaggawa na Larabci da BBC ta buɗe wa Sudan a Mayun 2023, ta nan mutane suka riƙa sanin wace hanya ce ke biyuwa. Sojoji sun koma Madani ranar 11 ga Janairun 2025, amma a kwanakin ne aka far wa mutanen Kambo Tayba a gabashin jihar bisa zargin haɗa kai da abokan gaba.

Da muka tambayi masu zaman tabarma abin da suke so, ba su nemi tasha tasu ba. Rabin awa suka ce, ko sau ɗaya a mako, kafin a fita gona: a faɗi ranar sakin ruwa da farashin buhu da Hausa, a karanta sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure, a buɗe waya ɗan kambo ya tambayi jami'i yaushe za a yashe tura'arsu. Masu iya gabatarwa ba su yi ƙaranci ba, akwai 'ya'yanmu da suka gama Jami'ar Jazira, suna jin harsunan biyu kamar ruwa. Abin da ya rage shi ne shugabannin ƙungiyoyinmu su rubuta takarda, su kai ta Madani da hannunsu.